Ƙwayar Malam Badaru

Ranar Alhamis da hantsi Malam Badaru, malamin lissafi a wata sakandare a Dutsin-Ma, ya faɗo caji ofis ko hula babu, wai an sace masa ƙwaya.

Sufeto Maniru ya ajiye biro. Shekara goma sha biyu yana aiki, bai taɓa ganin ɗan ƙwaya ya kawo kansa ba. Har ya fara laluben ankwa.

Ashe takardu ne. Badaru ya ce a cikin kwamfuta akwai wani rubutu da ke juya komai, shi Turawa ke kira ƙwaya, kamar ta gyaɗa idan an ɓare. Abokinsa ya bugo masa daga Zariya, shafi ɗari uku masu huji-huji a gefe. Shekara biyu Badaru yana bin sa layi-layi da fensir, shi da bai taɓa ko shafa kwamfuta ba. Ga shi ran Litinin za a yi masa intabiyun aikin kwamfuta da ya ƙwallafa wa rai.

Da suka je gidan, a ɗakinsa rediyo na nan, keke na nan.

"Ɓarawon nan ko mahaukaci ne, ko ɗan gida," in ji Sufeto.

Matar gidan, Yahanasu, mai cikin wata takwas, ta rantse ko shara ba ta yi a wajen. Sai dai idonta bai bar ƙasa ba.

Maƙwabcinsu Simeon, mai buga tafireta, shi ma ya musa.

"Yallaɓai, me zan yi da takarda mai huji-huji?"

"Wa ya ce maka da huji?"

Nan take Simeon ya faɗi gaskiya. Ya ce ran Talata surukar Malam, Gogo, ta zo daga Kurfi, ta nuna masa shafi guda ya fassara mata. Shi kuwa ya karanta abin da ya gani: uba ya haifi ɗa, a kashe ɗan, uban ya jira labarin mutuwarsa.

Sufeto ya ɗauki Badaru suka nufi Kurfi. Gogo ta ce rabonta da Dutsin-Ma tun salla. Sufeto ya sunkuya bakin murhu, ya ciro guntun takarda mai huji, rabi a ƙone.

"Wannan fa, Gogo?"

"To, ni ce! Yahanasu ta buɗe min ɗaki. Jikana na ciki, mutum na zaune yana karatun kashe ɗa, har da murmushi?"

Don kunyar suruka, Badaru ya fuskanci Sufeto ya yi masa bayani. Ba mutane ba ne, ayyuka ne a cikin injin. Idan wani aiki ya ta da wani, sai a ce uba da ɗa, kashe ɗan kuwa tsayar da aikin ne kawai.

Aka zaro takardun daga ƙarƙashin gado. Shafi ɗaya kawai ta ƙona, amma shi ne mafi wuya, wanda ya ci masa wata uku. Ran Badaru ya ɓaci ƙwarai.

Sufeto ya miƙa masa biro da takardar rubuta jawabi.

"Rubuta min abin da aka ƙona, don fayil."

Ya fara da ƙyar. Can sai hannu ya kama gudu, layi hamsin cif, ko tsayawa bai yi ba. Ya dubi takardar, ya dubi Sufeto, dariya ta kuɓuce masa. Ashe karatun ya daɗe da zama a ka.

Aka tasa Gogo zuwa mota don ta ba da jawabi. Tana hawa ta waiwayo.

"Ku tafi da ni duk inda kuka so. Amma injin nan ba zai shiga gidan da jikana yake ba."