Shekarar da Tumatir Bai Tsiro a Gadon Shanya Ba

Babu ƙuda ko ɗaya a jikin tagar. Hurera ta lura da haka a wucewa, tana hawa matakala zuwa ɗakin sarrafa Madafa, injin da ke cinye dagwalon masai na birnin Tudun Maje kaf. Ta cikin gilashi tana hango baƙar lakar tana bin bututu a hankali, tana shiga wani akwatin ƙarfe mai gunji ƙasa-ƙasa.

Aikin Madafa ba shi da wuyar ganewa. Igiyoyin maikurowef ke ratsa dagwalon na minti uku, su farfasa ƙwayoyin cikinsa yadda zafi ke fasa gugguru. Daga nan sai tankin ruɓarwa, inda yake ba da iskar gas ninkin ta da. Ruwan da ya rage kuma a tace shi a fitar da farin taki mai kama da gishiri. Wata goma ke nan da kunna shi. Kowane gida ya samu gas na girki, amai da gudawa sun ɗauke a asibiti, Hurera kuwa, injiniyar da ko a taro ba ta iya ɗaga murya, har hotonta aka liƙa a ƙofar ma'aikata.

Da hantsi mai gadi ya yi mata waya, wai ga wata tsohuwa ta ƙi tafiya. Ta sauko ta iske ta da kwando a hannu, tsaye a bakin gadajen shanya, filayen simintin da a da ake baza dagwalo ya bushe. Inna Tabawa ce, shugabar matan fadama. Hurera ta rusuna ta gaishe ta, ta amsa a gajarce.

"'Yar nan, ina kuka kai mana dashe?"

Hurera ba ta gane ba, sai da tsohuwar ta warware mata. Akwai wani ɗan ƙaramin tumatir mai tsami, shi kaɗai ke jure ranar yanzu a fili. Na kanti kuwa, in ba a rumfar gilashi ba, kafin azahar ya kwanta. Mutanen birni na cin sa ɗanye a kwaɗo, 'ya'yansa su bi ciki su fito lafiya lau, su zo nan. Duk ƙarshen damina gadajen kan rufe da koren tsiro, mata su zo su tumɓuke su kai fadama. Gida ɗari biyu ke ci da shi. Bana sau huɗu suna zuwa, sai baƙar ƙasa fayau.

Hurera ta tambaya ko ba wadda ta adana iri, ko da a ƙullin tsumma ne. Inna Tabawa ta yi wata gajeruwar dariya.

"Gari guda na ajiye mana shi a ciki, sai mu tsaya ƙulla tsumma? Rabonmu da wannan tun ina goyon fari."

Ta ce kauɗa ma, wadda da za a samu iri a cikinta, an daina shanyawa tun da kamfanin tumatirin gwangwani ya fara kwashe duk abin da ya rage.

A nan ne Hurera ta gane. Minti ukun nan ba ƙwayar cuta kaɗai suke kashewa ba. Da hannunta ta rubuta a rahoto cewa babu ƙwayar iri ɗaya da ke fitowa da rai, har ta ja layi a ƙasa don murna, domin a lokacin ciyawa take tunani. Ta auna zafi, ta auna gas, ta auna sinadarin taki. Ba ta taɓa zagayawa bayan ma'aikata ta ga su wa ke shigowa ta ƙaramar ƙofa ba.

Tsohuwar ta nuna bayan shinge da haɓa. Ta ce ai ba a rasa ba tukuna, akwai tsohon kududdufin da ke riƙe da dagwalon kafin zuwan inji. A ba su ko da amalanke biyu su baza su yayyafa ruwa, sati guda ya isa.

Hurera ta dubi takalminta. Ta tuna baƙin da aka ce za su zo duba aiki, da yadda warin kududdufin ya dame ta. Ran Talata ma'aunin gas ya kai inda bai taɓa kaiwa ba, har abokan aiki suka tafa mata.

"Na sa an kwashe shi an zuba a inji, Inna. Ran Talata."

"Duka?"

"Duka."

Sai magana ta ɓalle mata da sauri. Za a ba su farin taki kyauta, za ta rubuta wa ma'adanar iri ta ƙasa, wataƙila a wani ƙauyen akwai mai shi. Ta jawo buhun taki ɗaya daga waɗanda aka jibge a gefe ta kwance bakinsa.

Inna Tabawa ta tsoma hannu, ta murza farin garin tsakanin yatsunta, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta mayar da shi cikin buhun, ta kakkaɓe tafinta a zane, ta gyara mayafi, ta bi gefen shinge ta fita.