Don Ruwa Ya Aure Ki

Tamarai na tsaka da soya wainar shinkafa sai ga mahaifinta, Periyasami, ya faɗo gidan daga Chennai, ko gaisuwa babu.

"Haɗa kayanki! Na ji komai. Ashe a nan Pulicat ba a ba namiji rana a wurin kamun jatan lande sai ya yi aure? Don ruwa ya aure ki, sakarya!"

Al'adar gaskiya ce, kuma zancen ya daɗe yana cin ta a rai.

Mijinta Ilango ya fito da koma a kafaɗa, ya rusuna. "Sannu da hanya, Baba."

"Ban haifi mai ƙarnin kifi ba! Kai ni in ga tsuntsayen da kuke cika baki da su, in ɗauki 'yata in wuce."

Tamarai ta zaro ido. Yau ce fa ranar Ilango a bakin mashigar teku, wurin da ya fi ko'ina albarka, wanda in ya wuce ka sai layi ya sake zagayowa.

"Ilango, yau fa..."

Ya girgiza mata kai, ya ajiye komar.

Tsohon nan bai bar komai ba. Tsohuwar maƙabartar Turawa ya ce kufai ce, kwalekwalen da su ukun suka shiga ya ce akwatin gawa ne. Da suka iso inda dogayen tsuntsayen nan masu jaja-jaja suka rufe ruwa, ya taɓe baki.

"Wannan? Zalɓe ne ya faɗa rini!"

Ilango dai tuƙi kawai yake. Can wani masunci da ke jan koma shaƙe da jatan lande ya kwaɗo kira:

"Kai Ilango! Ka haukace ne? Ka bar min ranarka don yawo da suruki? Me za ku ci watan nan?"

Tamarai ta fashe da kuka, na daɗi da na kunya, don ita ma ta zarge shi.

Periyasami ya kalli komar masuncin, ya kalli Ilango. "Juya, ko ka samu saura."

"Na riga na bayar, Baba."

Har suka dawo tsohon bai ƙara kushe komai ba. A tasha kwandasta ya tambaye shi kujera nawa.

"Ɗaya."

Ya haƙura kenan, ya bar ta da mijinta. Wanda ya bar abincinsa don mutuncin ubanki, ba sai kin tambaye shi don me ya aure ki ba.