Gishirin Gwaggo Nawal

"Ba inda za ki!" Baba ya ture farantin zaitun gefe. "Turkiyya? Kuma da yaron nan a cikin jirgin?"

Sawsan ta sunkuyar da kai, hawaye na zuba. Shekararta ta ƙarshe ke nan a jami'a a Irbid ta ƙasar Jodan, kuma tafiyar da ajinsu zai yi ta ganin masana'antun Turkiyya da maki take. Yaron da Baba yake nufi kuwa Mu'utaz ne, ɗan ajinsu. Sau biyu iyayensa suna neman izinin zuwa tambayar aurenta, Baba yana cewa ba yanzu ba. Wai ɗan birnin Amman ne mai laushin hannu, ranar da zama ya yi ɗaci zai tsere ya bar masa 'ya. Ita kuwa sonsa take, ba na wasa ba.

"Ni zan raka ta," in ji Gwaggo Nawal, yayar Baba, wadda ta raine shi tun yana maraya. "Dama ina son in ga abin da Turkawan nan suke ci suke yin ja haka."

Baba bai iya musa wa yayarsa, sai ya ce ta sa ido.

Ido kam ta sa, amma a kan komai! Gwaggo akwai tambaya. Da suka isa Turkiyya, a masaƙar tawul ta garin Bursa, ɗalibai na rubutu, ita tana shafa zare tana tsare tafinta: wannan injin yana hutawa? Matan nan wa ke musu girki? Sawsan kamar ta nutse don kunya. Da aka kawo gahawa a ofis, Gwaggo ta ga ma'aikata suna tsokanar wani saurayi suna nuna masa finjali.

"Me ya yi musu?"

Tafinta ya ce jiya saurayin ya je neman aure. A al'adarsu budurwa ce ke dafa gahawar, ta zuba wa saurayin gishiri. In ya shanye bai yamutsa fuska ba, to zai iya zama da ita.

"Ikon Allah!" Gwaggo ta juya ta dubi Mu'utaz.

Washegari aka kai su yawon buɗe ido tsohuwar kasuwar siliki, suka zauna hutawa a tsakar filin. Sawsan na kallo Gwaggo ta karɓi gahawa, ta zazzaga mata gishiri ba tausayi, ta juya.

"Haba Gwaggo, don Allah..."

"Yi min shiru! Fuskarsa kawai nake son gani. Kai ɗan Amman, zo karɓi."

Mu'utaz ya zo da ladabi ya karɓa da hannun dama. Amma bai kai baki ba, sai ya durƙusa ya ajiye finjalin a gabanta. Nan take ɗalibai suka zuba musu ido. Duk ɗan Jodan ya san wannan: baƙon da ya ajiye gahawarsa bai sha ba, da buƙata ya zo, kuma in mai gida ya ce masa ya sha, to an ba shi abin da yake nema ke nan.

Gwaggo kuwa hankalinta na kan gishirinta. Ƙagara ta yi. "Kai, kana ɓata min lokaci, sha gahawarka!"

Sai da maganar ta fita ta dafe baki. Malamin ɗaliban ya ce, "Na ji da kunnena, Hajiya." Mu'utaz ya ɗauka ya shanye, idonsa ya kaɗa ya yi ja, amma fuskar nan ko gezau.

"Allah ya ƙara girma, Gwaggo. Ta yi daɗi."

"Maƙaryaci!" Gwaggo ta yi dariya har da hawaye. "Ashe kana kallona ina zubawa?"

"Ina kallo. Shekara biyu ina jira, gishiri ne zai gagare ni?"

Sawsan ta rufe fuska da gyale tana kuka, na farin ciki da na tsoron Baba a haɗe. Gwaggo ta miƙo hannu aka ba ta waya, ta kira Baba, wanda take ce wa Abu Rakan.

"Abu Rakan, na yi ɓarna, na ce wa yaron nan ya sha gahawarsa a gaban mutum talatin." Har nesa ana jin faɗan Baba. Ta bari ya gaji, sannan ta ce, "Ka ce ba zai jure ɗaci ba. Ni na gwada, kai ba ka taɓa gwadawa ba. To, ka ƙaryata yayarka a bainar jama'a, ko ka buɗe wa iyayensa ƙofa."

Can Baba ya ce, "Su zo ranar Juma'a."

Da Sawsan da Mu'utaz sun bi son zuciya sun bijire wa Baba, da sun rasa albarka sun rasa juna. Haƙuri suka yi, Allah ya kawo musu mafita ta inda ba su zata ba. Iyaye kuma, kada ku yanke wa ɗan mutane hukunci tun ba ku gwada shi ba.