Dutsen da Ya So a Ɗaga Kai a Dube Shi

Can sama, tsakanin duniyar Mirrihi da ta Mushtari, akwai garken duwatsu masu kewaya rana. A cikinsu akwai wani ɗan dutse, girmansa bai wuce rumbu ba, amma wajen girman kai ya fi kowa.

Kullum sai ya ce, "Ni fa sai mutane sun ɗaga kai sun dube ni."

Wani tsohon dutse ya ce masa, "Ɗana, tsaya kan hanyarka. Iskar duniyar mutane cin dutse take yi."

Ya ce, "Baba, kai ka tsufa ba wanda ya san ka. Ni sai an ɗaga kai an dube ni."

Ya fice daga garke, ya yi ta tafiya shekara da shekaru. Da ya faɗa iskar duniya sai ya kama da wuta, yana ƙonewa yana murna. Ashe tsakar rana ya iso, hasken rana ya shanye nasa. Ko akuya ba ta ɗaga kai ba.

Ya faɗi a bakin rafi, bai fi ƙwan agwagwa ba, jikinsa duk ya yi kaushi.

Gwaggo Tabawa ta zo wanki da maƙwabciyarta, ta tsince shi, ta juya shi a hannu.

Ta ce, "Ladidi, zo ki gani! Allah ya kawo mini abin goge fason ƙafata."

Har yau yana nan a makewayinta. Kullum da safe ana dubansa kam, sai dai sunkuyawa ake yi.