Ɗakin da Sabuwa Ta Manta Ta Sallama

Ana gab da magariba Sabuwa ta shigo gida, ƙafafunta sun kumbura, igiyar oba-oba, rediyon hannun da suke magana da shi a wurin aiki, ta bar mata shaida a wuya. Ta jefar da jaka a bakin ƙofa, ta zube a kan tabarma ko takalmi ba ta cire ba. Sunan nan Sabuwa a wurin aiki aka laƙaba mata shi. Wata biyu ke nan tana koyon aikin mataimakiyar shiri a wani kamfani mai ɗaukar tallace-tallace da wasannin talabijin, kuma babu wanda ya ga ta kai a tambaye ta sunanta na yanka. Har Inna, mahaifiyarta, ta karɓi sunan, tana kiranta da shi duk sa'ad da take son ƙona mata rai, wato kusan kullum.

'Yarta mai shekara tara tana tsaye a kanta tana zuba mata labarin makaranta. Aku ake ce mata, kuma ta ci sunanta, don yarinya ce da in ta buɗe baki da safe sai barci ke rufe shi. Tana tsakiyar bayanin wadda ta sace wa wata fensir sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Inna ta leƙo daga kicin ta zagi 'ya'yan maƙwabta, ta haɗa da iyayensu. Na biyu ya faɗo, na uku ya biyo baya. Daga nan gidan ya yi tsit, har kajin da ke shirin hawa barci suka daina motsi. Sabuwa ta ce wa Aku ta ƙarasa labarinta mana. Yarinyar tana nan tsaye, leɓunanta na motsi, idanunta sun firfito, amma babu abin da ke fitowa.

Washegari likita ya haska maƙogwaro, ya duba kunne, ya ce shi bai ga komai ba. Aku tana ci, tana sha, tana jin duk abin da aka faɗa, sai dai ko tari ta yi ba ya da sauti. Da yamma ta sake yi duwatsu uku suka sake sauka, a daidai lokacin jiya. Inna ta zagaya bayan gida da muciya a hannu, ba ta iske kowa ba. A yamma ta uku ce abin ya fito fili. Dutse na uku yana sauka Aku ta miƙe daga inda take zaune, ta taka zuwa tsakiyar gida, ta ɗaga hannu ɗaya sama. Muryar da ta fito daga bakinta muryar uwarta ce sak, har da dashewar da take yi in ta wuni tana ihu.

"Shiru! Ana ɗauka! Kada wanda ya motsa!"

Inna ta saki kofin da ke hannunta. Ba ta nufi jikarta ba, kan 'yarta ta juyo, ta wanke ta tas. Ta ce tun ranar farko ta faɗa, mace mai shekara talatin da biyu, mijinta ya rasu, maimakon ta nemi sana'ar mutunci ta je tana riƙe wa sa'annin ƙannenta laima tana raba musu ruwa. Ga shi nan ta kwaso musu abin da ta kwaso. Sabuwa ta gane abin da yarinyar ta faɗa. Kalmomin nan nata ne, sau hamsin take faɗarsu a wuni.

Aikin nata ba shi da ƙanƙanta ko girma, duk abin da ya rage nata ne. Ita ke raba takardar jadawali da asuba, ita ke manne wayoyin lantarki a ƙasa da salatif kada wani ya yi tuntuɓe, ita ke tare hanya, ita ke nemo ɗan wasan da ya ɓuya yana waya. Amma babban aikin shi ne shiru. Kafin kyamara ta tashi, sai mataimakiyar shiri ta bi duk inda ƙara ke fitowa ta kashe ta. Manajan shiri, wani gajere mai jan ido wanda bai taɓa kallon fuskarta in yana mata magana ba, ya koya mata cewa ba a roƙo. Ya ce in ya sake jin ta ce wa wani don Allah, ta ajiye oba-oba ta koma gidan uwarta. Dokar tana da rabi na biyu, shi ma ya nanata mata: duk wanda ka tsayar, in darakta ya yanke ɗauka, kai za ka koma da ƙafarka ka sallame shi, ka ce an yanke, an gode, ku ci gaba. Su uku ne masu koyo, mutum ɗaya za a ɗauka, saura mako biyu. Da ta nemi hutun kwana ɗaya saboda 'yarta, Manaja ya ce kamfanin ba asibiti ba ne.

Haka ta ci gaba da fita da asuba tana dawowa ta tarar da duwatsu. Aku ta rame. Takan zo ta zauna jikin uwarta ta ja mata hannun riga, ta buɗe baki, sai hawaye. Wannan ya fi komai cin Sabuwa, ta gwammace a yi ta jifan rufin har ya huje.

A rana ta tara Inna ta kawo wani Malam. Dogo ne siriri, tsohon malamin makaranta, mai gajen haƙuri, kuma bai zo da komai ba sai carbi da gorar ruwa. Ya ƙi shayi, ya ƙi dogon bayani. Ya sa aka zaunar da yarinyar a kan tabarma tana fuskantarsa, ya ce uwar ta zauna a inda zai riƙa ganinta. Rana tana gangarawa ya fara karatu a hankali, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka. Inuwa ta cika tsakar gidan. Duwatsun suka sauko, wannan karon ba a rufi ba, a gaban tabarmar, ɗaya bayan ɗaya, suka jeru kamar da hannu aka ajiye su. Malam bai ko dube su ba. Wuyan Aku ya sandare, kafaɗunta suka buɗe, ta zauna zaman babban mutum.

"Ya isa, Malam," in ji wata murya ta namiji daga bakin yarinyar, mai kauri, mai gajiya. "Ba da kai nake ba."

Malam ya tambaye shi ko shi wane ne, kuma me yarinya ta yi masa. Muryar ta ce suna ba zai amfani kowa ba, yarinya kuwa ba ta yi masa komai ba. Hannun Aku ya ɗago ya nuna Sabuwa. Ya ce a tambayi wannan ko ta tuna tsohon gidan da suka ɗauki tallan sabulu, mai ɗakin ajiya a can baya.

Ta tuna. Kwana uku kafin dutsen farko ne. Kamfanin ya yi hayar wani gida da ya daɗe babu kowa. Ana shirin ɗauka ta ƙarshe, hasken rana yana ƙarewa, mai ɗaukar sauti ya ce yana jin ƙus-ƙus a kunnensa kamar tsohuwa na magana. Manaja ya zage ta ta cikin oba-oba kowa yana ji. Ta ruga ta tsayar da bakaniken da ke bayan katanga, ta tsayar da mai wanki a gidan gefe, ƙus-ƙus bai daina ba. Ta bi shi har ƙofar wani ɗaki mai tsohon kwaɗo. Ta ɗauka ɓeraye ne ko rediyon wani. Cikin fushin zagin da ta sha ta ɗauki dutse ta buga ƙofar sau uku, ta daka tsawar da aka koya mata. Nan take maganar ta ɗauke.

"Gidanmu ne tun ba a haifi uwarki ba," in ji muryar. "Kun shigo da fitilunku da janaretanku, muka matsa muku, muka takure a ɗaki ɗaya. Uwata tana kan gargarar mutuwa, tana bin 'ya'yanta ɗaya-ɗaya tana faɗa wa kowa nasa. Ta zo kaina, ta kira sunana, sai kika buga. Na tashi in fito miki ta riƙe ni. Ta ce baƙi ne, a yi musu shiru, in sun gama za su faɗa."

Ya ce sun ji lokacin da aka yanke. Sun ji ta ta je ta gode wa bakanike, ta gode wa mai wanki. Sun saurari takunta yana zuwa, sai ya juya wajen motoci. Tsohuwar ta ce a ƙara haƙuri, za ta dawo. Kwana uku tana jira da maganar a bakinta, a na ukun ta cika. Kuma har yau babu wanda ya yi mata kuka a ɗakin nan, domin ita ta ce a yi shiru sai an sallame su, kuma ba a karya maganar mamaci.

Sabuwa ta tuna sarai: ana yankewa Manaja ya aike ta kwashe kujeru, ta kuma ce a ranta ɗaki ne kawai, wa za a sallama a ciki. Ta fara ba da haƙuri, muryar ta katse ta da wata dariya marar daɗi, ta ce haƙuri ba ya buɗe bakin gawa.

Malam ya ce wa aljanin an zalunce shi, wannan gaskiya ne, amma shi ma zalunci yake yi, kuma nasa da gangan ne. Ya umarce shi ya saki yarinya. Aljanin ya ce an hana shi jin uwarsa, Sabuwa ma ba za ta sake jin 'yarta ba har ta mutu. Malam ya buɗe gorar ruwa ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi. Jikin Aku ya fara karkarwa, gumi ya jiƙe mata riga, wani gurnani yana fitowa daga ƙirjinta. Inna ta rufe fuska da mayafi. Sabuwa ta kasa jurewa, ta ce a ɗauki tata muryar a bar wa yarinyar. Malam ya harare ta ya ce ba ita ke ciniki a nan ba, ta bari sai an tambaye ta.

An daɗe ana ja. Aljanin ya nemi ya riƙe muryar yarinyar shekara bakwai, Malam ya ce ko kwana bakwai. Ya nemi harshen uwar, Malam ya ce Allah ne ya ba ta, ba na rabo ba ne. Daga ƙarshe muryar ta yi laushi, ba don tausayi ba, don wuya. Ta kafa sharaɗi biyu. Na farko, matar nan ta koma ƙofar da ƙafarta ta sallame su yadda ta sallami bakanike. Na biyu, daga yau har ƙarshen ranta kada ta sake cewa wata halitta ta yi shiru, da baki ko da hannu, mutum ko ba mutum ba. Ranar da ta yi, ya san hanyar gidan.

Malam ya juyo ya dube ta sosai a karon farko. Ya ce ta yi tunani, waɗannan ba sa mantuwa kamar mu. Babu wani tunanin da ya rage mata. Ta san abin da sharaɗin yake nufi, ta ga wata biyun zagi da kumburin ƙafa sun tafi a banza, ta ga fuskar Inna ranar da za ta ce ai na faɗa. Ta ce ta yarda. Aku ta sulale ta kwanta kamar an zare mata ƙashi.

Da hantsi Sabuwa ta isa tsohon gidan ita kaɗai. Guntayen salatif ɗinta suna nan a ƙasa inda ta manna su. Ta tsaya a gaban ƙofar mai tsohon kwaɗo. Ta ce an yanke, an gode, ku ci gaba. Sai kuka ya ɓarke a bayan ƙofar, na maza da mata da yara, kukan da aka danne kwana da kwanaki, har ƙofar tana rawa a jikin bango. Ba ta gudu ba. Ta durƙusa a wurin ta taya su, sai da wayarta ta yi ƙara Inna ta ce mata, a daƙile, yarinya ta farka ta nemi ruwa da bakinta.

Ranar Litinin ana ɗaukar tallan madara a bakin wani titi. An saita fitilu, darakta ya zauna, mutum arba'in suna jira. Can gefe wata mata mai jiran mota tana riƙe da jaririn da ke tsala kuka. Muryar Manaja ta shigo kunnen Sabuwa, ya ce ta je ta rufe wa abin can baki ko ta kore su. Ta taka har gaban matar. Matar ta ɗago ta dube ta. Sabuwa ta tsaya, hannuwanta a gefe.

"Sabuwa, kin kurmance ne? Rana na tafiya!"

Ta cire igiyar daga wuyanta, ta naɗe ta a jikin oba-oba yadda aka koya mata, ta dawo ta ajiye a kan kujerar Manaja. Ya bi ta da zagi har ta tsallaka titi, ya ce dama ya san ba za ta kai labari ba. Ɗaya daga cikin masu koyon ya riga ya ruga wajen matar.

Tun daga bakin layi take jiyo muryar Aku. Ta shiga ta tarar da ita a ƙofar kicin tana zuba, tana ramuwar kwana goma, Inna ta dafe kai da hannu biyu. Inna ta ga 'yarta da rana tsaka, wuyanta babu igiya, ta gane, ta taɓe baki. Ta ce tunda yanzu ba ta da aikin yi, ta zo ta yi wa 'yarta magana, kanta zai tsage. Sabuwa ta cire takalmi, ta jawo kujera kusa da yarinyar ta zauna.

"Ƙyale ta, Inna," ta ce.