Ɗigo Takwas a Layin Holmiyam

Ranar da ya fara shiga ɗakin gwajin, ya bar ƙofa a buɗe. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Malam, rufe mana. Na'urar nan ba ta shiri da ɗumi."

Ita ke kula da sanyin na'urar. Shi kuma aikinsa ya haska wa wasu ƙarafa masu wuyar samu eksire, irin hasken da ake hoton ƙashi da shi, ya auna ƙarfin hasken da suke mayarwa. Kafin wata uku ya raɗa mata Ƙanƙara, ita kuma tana ce masa Ƙari-ko-ragi, don ko lokaci ka tambaye shi sai ya ce ƙarfe biyu, ƙari ko ragin minti uku.

Ya kan rubuto mata: "Ƙanƙarata, yau na auna kewarki, ta fi ƙarfin na'ura."

Ta mayar masa: "Sake aunawa. Awo ɗaya ba hujja ba ne."

Ƙarfen da ya sha musu kai shi ne holmiyam. Sau arba'in suna aunawa, matsakaiciyar lambarsu tana ɗara ta jadawalin da kowa ke aiki da shi da ɗigo takwas. Jadawalin nan kuwa mahaifinta ne ya yi shi shekara talatin baya, yana nan rataye a falon gidansu cikin gilashi. Dama Baba bai yi na'am da yaron ba, wani tsohon ɗalibinsa yake so ya ba ta.

Wata safiya ta buɗe rahoton da za su aika. Lambar Baba ta gani, cif. An cire awo ashirin da shida, a ƙasa an rubuta cewa na'ura ta yi ɗumi a ranakun.

Sai da ta zauna. Wata takwas ba ta taɓa barin sanyin nan ya motsa ba, kuma ya sani.

"Ni ka ɗora wa?" ta tambaye shi da ya shigo.

"Don mu na yi. In na ƙaryata Baba, kin san ba zai ba ni ke ba."

"Sai ka ƙaryata ni, tunda ni ce mai sauƙi. Ka ci amanata, wallahi ka ci."

Kwana tara ba ta kula shi ba. A na goma saƙo ya shigo: "Na mayar da awon duka, na goge ƙaryar. Ina ƙofar gidanku, zan faɗa masa da bakina."

Ya faɗa, Baba kuwa ya nuna masa hanya. Ita ma ta samu rabonta: "Da ke aka haɗa baki a tozarta ni?"

Amma tsohon masani ba ya iya zama da lambar da bai gwada ba. Ranar Litinin sai ga shi a ɗakin gwajin. Kwana uku yana aunawa da hannunsa, ɗigo takwas ɗin nan ya ƙi tafiya. Ya kira tsohon ɗalibin nasa a waya, a gabansu.

"Kai ma ka taɓa ganin bambancin nan?"

"Mun gani, Farfesa. Dukkanmu. Nauyinka muka ji."

Baba ya kashe wayar ya ajiye. Ɗalibai goma sha ɗaya ya yaye a kan wannan layin na jadawalinsa.

Ya dubi saurayin. "Kai ma ka so ka bi sahunsu."

"Na so, Baba. Ita ta hana ni."

"To riƙe ta da kyau. Ka turo manyanka." Ya juyo gare ta. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'yan da za su iya ce muku kun yi kuskure tun kuna da ƙarfin gyarawa."

Bayan wata biyu aka ɗaura musu aure.