Ki Kashe Mai Kwalekwale

"Anti, in dai kika aura mata Yariman nan, wallahi na daina karanta littafinki!"

Yarinyar da ta faɗi haka ba za ta wuce shekara sha biyar ba. Tana tsaye a tsakiyar ɗakin taro na laburare, ta ƙanƙame littafina a ƙirji kamar za a ƙwace mata. Sauran 'yan matan suka ɗauki tafi, har mai kula da laburaren ta leƙo tana ɗora yatsa a baki.

Na gyara zama, na saki murmushin da na tanada saboda irin wannan rana.

Littafin shi ne na farko da na rubuta. Labarin wata yarinya ce mai fitila, tana neman ƙanenta da kogi ya haɗiye, kogin da ke gudu da baya. Yariman Birnin Gilashi yana taimakonta da takobi da rundunar tsuntsaye. Akwai kuma wani mai kwalekwale da ke ƙetarar da ita, wanda ko suna ban ba shi ba.

"Me Yarima ya yi miki?" na tambaye ta.

"Ba abin da ya yi, Anti, shi ne ma matsalar. Kyau kawai gare shi, kamar hoton kalanda."

Ɗakin ya kwashe da dariya.

A layin gaba, Lauya ya ɗan ja wuyan rigarsa. Shi ne mutumin da zan aura nan da wata biyu, kuma daga jikinsa na yanko Yarima. Ni da bakina na faɗa masa, shi kuma ya faɗa wa duk ofishinsu.

Wata mai tabarau ta ɗaga hannu.

"Mai kwalekwale fa duk abin da ya samu sai ya raba biyu, ya ba ta babban. Burodi, bargo, har igiya!"

"Kuma da hagu yake tuƙi," in ji ta kusa da ita. "Ni abin yana burge ni."

"Duk inda ya fito, rubutunki canzawa yake yi, Anti," mai tabarau ta ƙara. "Sai a ji kamar kin rage murya..."

Na ɗauki kofi na sha ruwa.

Nan ne 'yar goggona ta ga hanya. Rediyo muke ce mata a gida, don labari ba ya kwana a cikinta, kuma tun ranar da Lauya ya fara zuwa gidanmu take canza turare in an ce yana hanya.

"Ikon Allah!" ta ce daga baya, da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Bahago? Ashe irinsu ɗaya da wanda ya zana bangon littafin. Ina yake ne ma? Yauwa, ga shi can!"

Kowa ya juya.

Can bakin taga Mai Zane yake, bai ma san ana yi ba. Ya gama ɓare lemu ke nan, ya raba shi biyu, yana miƙa wa tsohon da ke gadin ƙofa babban rabin. Da hannun hagu.

Wata yarinya ta ce, "Laaa..." ƙawarta ta mintsine ta.

A mota Lauya bai kunna rediyo ba, bai kuma kalle ni ba sai da muka tsaya a danja.

"Gimbiyata."

"Na'am."

"Mene ne tsakaninki da mutumin nan?"

"Aiki. Ni ina rubutu, shi yana zane."

Iyakar abin da na sani na faɗa. Shekara uku muna haɗa tebur a saman maɗaba'a, bai taɓa ce min ko kin yi kyau ba. Hirarmu ba ta wuce launin ruwa da girman haruffa.

"Yara sun mai da ni abin dariya a gaban mutane," ya ce.

"Yara ne. Ra'ayinsu suka faɗa a kan littafi."

"To ki ba su amsa a littafi. Na biyun da kike rubutawa... ki kashe shi."

"Wa?"

"Mai kwalekwalen. Kogi ya cinye shi, ko aljani, ke kika san kayanki. In ba kowa ba ne a wurinki, ai ba zai yi miki wuya ba, masoyiya. Ranar da na ga babin, maganar nan ta mutu."

Danja ta ba mu hannu, ya ja motar a hankali, kamar yadda yake yin komai.

Kafin in cire takalmi a ƙofar falo, Rediyo ta riga ta watsa shirye-shiryenta. Umma na zaune tana ninke wanki, ba ta ɗago ba.

"Auta, mai zane na ji an ce?"

"Umma, ƙarya ce."

"Mutumin da farcensa ba ya rabuwa da fenti? Da shi za ki haɗa Lauya?"

"Ban haɗa kowa da kowa ba."

"Ni dai na faɗa miki tun farko, wannan rubuce-rubucen aljanun sai ya jawo magana. Alƙalaminki ya ɓata, alƙalaminki ya gyara. Mutum nawa ake kashewa a littafi kullum? An taɓa kama wani?"

Rediyo ta taɓe baki daga kan kujera. "Ni fa tausayin Lauya nake ji, Umma. Mutum kamar shi..."

"Ke kuma tashi ki kai kayan nan ɗaki."

Washegari da la'asar na kashe shi. Bai ba ni wahala ba. Na sa igiyar ruwa ta kifar da kwalekwalen, ya tura yarinyar gaɓa da hannunsa na hagu, kogin ya tafi da shi. Na duba kurakuran rubutu, na gyara waƙafi guda biyu. Na rufe kwamfutar.

Ban san yadda aka yi labarin ya fita ba, ko da yake na san tashar da ta watsa shi. Zauren masu karatuna na waya ya kama da wuta.

"Anti don girman Allah kar ki yi!"

"In ya mutu ni ma na mutu."

"A kashe Yarima mana, wa zai lura?"

Wata kuma ta rubuto doguwar magana, ta ce ita malamar makaranta ce, ta fi ƙarfin karatun yara, amma ta karanta sau biyu a ɓoye, kuma a ganinta marubuciyar ba ta san abin da ta rubuta ba. Na kashe wayar na sa ta a jaka.

Dole babin ya sami hoto, don haka na buga shi a takarda na hau saman maɗaba'a. Injuna na ta ƙugi a ƙasa, ƙamshin tawada ya cika matattakala. Ɗakinmu yana nan yadda yake: tebur ɗaya dogo, fanka mai karkataccen wuya, tulin takardu har bakin taga, da kofin da yake zuba fensira a ciki.

"Malam Bahago, ga aiki."

"Sannu da zuwa, Marubuciya."

Ya goge hannunsa da tsumma ya karɓa. Tun ranar laburare ba mu haɗu ba, kuma bai ɗauko maganar ba. Ya karanta a tsaye, a hankali, leɓensa na motsi. Ni kuma ina kallon fanka.

"Ya yi," ya ce.

"Ya yi?"

"Ya yi kyau. Yaushe kike son hoton?"

Yara da ba su san ni ba suna kuka a waya, shi kuma wai ya yi kyau!

"Ba ka ji komai ba? Kowa yana son mutumin nan."

"Ban da ni."

"Me ya sa?"

Ya ajiye takardun a kan tebur, ya daidaita gefensu da yatsa.

"Kin tambayi ra'ayina, ko kina so in ce miki sannu da ƙoƙari?"

"Ra'ayinka."

"Matsoraci ne. Tun babin farko na tsane shi. Kullum sai ya kai ta gaɓa, ya tsaya yana kallon bayanta, ya juya kwalekwalensa ya koma. Ya ba ta rabin burodi, ya ba ta rabin bargo, amma magana ɗaya ta gagare shi. Yaran nan suna ganin kirki ne. Ba kirki ba ne, tsoro ne, yana gudun kar a ce masa a'a." Ya ɗauki fensir ya mayar. "Mutum irin wannan gara kogin ya tafi da shi. Ya daɗe da cancanta."

Injin ƙasa ya tsaya.

"Wataƙila yana ganin Yarima ya fi dacewa da ita," na ce.

"Ya fi dacewa mana. Yana da birni, yana da tsuntsaye."

"To in da zai buɗe baki... me zai ce?"

"Ke ce marubuciya."

"Na rubuta na goge ya fi a ƙirga. Ban san muryarsa ba in ya zo nan."

Ya kalle ni. Shekara uku, ban taɓa lura cewa ba ya iya kallona ya daɗe ba sai ranar, da ya daure ya yi.

"Zai ce kar ki sauka." Ya dafa teburin. "Zai ce ba shi da birni, kwalekwalen ma yana yoyo... amma kar ki sauka. Ina son ki, Marubuciya. Tun ranar da kika ce shuɗin da na sa wa kogin ya yi kama da na bokiti."

Na so in yi dariya, sai hawaye suka riga ta fitowa. Ina son sa, kuma ashe duk wanda ya sayi littafina ya riga ni sani.

Na ɗauki babin daga kan tebur na yage shi biyu. Bai rabu daidai ba. Na miƙa masa babban.

Lauya na samu a ofishinsa washegari. Na shirya jawabi tun daga gida, bai bar ni na fara ba. Littafina na kan teburinsa, an lanƙwasa kusurwar shafuka da yawa.

"Na karanta shi," ya ce. "Duka, wannan karon. Da can inda Yarima ya fito kawai nake dubawa."

"Ka yi haƙuri..."

"Kin san bai taɓa tambayarta ko ta gaji ba? Tun daga farko har ƙarshe. Na duba." Ya rufe littafin. "Ba ki kawo babin ba."

"Ban kawo ba."

"To shi ke nan. Allah ya sa haka ne mafi alheri."

Ya raka ni har bakin lif, ya danna min maɓalli. Mutumin kirki ne, ban taɓa cewa ba shi ba ne.

Umma ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata sai da ka. Kawuna ya zo ya yi faɗa ya tafi, goggo ta zo ta yi nata. Rediyo ta sayi sabon turare, ta fara bi ta layin ofishin Lauya in za ta kasuwa, duk da ba hanya ba ce. Bai daɗe ba ya auri wata abokiyar aikinsa, turaren ya ƙare a banza.

Wata rana da hantsi na shiga ɗakin Umma neman almakashi, na same ta da tabarau a karan hanci, littafina a cinya. Ta yi saurin tura shi ƙarƙashin filo, amma ta makara.

"Aljanun sun yi yawa," ta ce.

"To, Umma."

"Kuma wannan ƙanen nata, a fito da shi haka nan, uwarsa na jira."

"Za a fito da shi."

Ta cire tabaran tana gogewa da gefen zane.

"Shi kuma wancan... mai raba burodin. Babanku haka yake, Allah ya jiƙansa. Ko tsinken nama ya sayo sai ya ce shi ya ƙoshi." Ta mayar da tabaran. "Ki ce masa ya zo in gan shi. Ya wanke farcen nan tukuna. Ban ce na yarda ba fa!"

Ya zo da farce fes, ya zauna a ƙasa yana zufa. Bayan wata huɗu aka ɗaura mana aure.

Littafi na biyu ya fito a shekarar da ta biyo. Yaron ya dawo wurin uwarsa, Yarima ya koma birninsa da mutuncinsa, yarinya mai fitila kuma ba ta sauka daga kwalekwalen ba. Na zaci za a yi ta tafi. Ina! Masu karatu ba a iya musu. A ɗakin taron nan dai, mai tabarau ta miƙe, ta ƙara tsawo, fuskarta a murtuke.

"Anti, gaskiya na farkon ya fi daɗi. Kin ɓata mai kwalekwale."

"Da me?"

"Surutu! Da can shirunsa muke so. Yanzu kowane shafi sai ya ce mata yana son ta. Ba ya gajiya ne?"

Na dubi bakin taga. Yana can yana ɓare lemu, kunnuwansa duk a wurinmu.

"Ba ya gajiya," na ce. "Ki yi haƙuri da shi, ƙanwata. Ya daɗe yana shiru, ni kuma ban ƙoshi da ji ba."